Shekarar da Na Yi Yaji da Kare a Ka

Na gaji da jin ana ce muku 'ya'yan mai goyon kare, ku kuma kuna sunkuyar da kai kamar an kama ku da hannu cikin tukunyar miya. Ban goya kare ba. A masaki na ɗauke shi, a kaina, kuma da zai dawo duniya yau, da tsufana da ciwon gwiwata, sai in sake ɗaukarsa. Duk wanda ya ce muku goyo ne, daga bakin Ta-Sallah ya ji, maƙwabciyarmu ta wancan zamani, ita kuwa, Allah Ya jiƙanta, ko gaisuwa aka ba ta ta kai sai ta ƙara mata gishiri. Da furfurata na shiga yaƙi da jahilci, mushe, wato malamin ajin, sa'an ɗana, yana nuna mini baƙaƙe da tsinke. Ban sha wannan wahala don in bar labarina a bakin mutane ba.

Lokacin Nasara ne, shekarun da gyaɗa ke sarauta a Matameye, ana jibge buhuna har su fi soro tsayi, kamyo, babbar motar kaya, yana zuwa yana kwasa. Na kwana biyu a ɗakin miji, rabon haihuwa bai zo ba tukuna. Mu uku ne a gidan: ni, da babanku, da uwarsa Inna Gambo. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk unguwar babu mai tuya irin tawa, wannan ko maƙiyina ya sani. Babanku kuwa, kamar sauran mazan garin, da an ɗaure gero an cire gyaɗa sai ya ƙulla ɗan ƙunshinsa ya nufi Kano cin rani, inda yake ban ruwan lambu a gidan wani Nasara. A shekarar nan, da hadarin farko ya fara haɗuwa, 'yan cin rani suka yi ta dawowa. Mijin Ta-Sallah ya kawo mata atamfa da kwanon sha mai fure. Wani ya kawo wa iyalinsa fitilar ƙwai. Nawa ya shigo da akwatin sabulu a ka, akwatin yana motsi.

Inna ta leƙa ciki, ta ja da baya, ta ce, "Wannan kuma mene ne? Ɗan akuya ko zomo?"

Babanku ya ce, "Ɗan kwikwiyo ne, Inna. Karyar maigidana ce ta haihu, shi kuwa zai koma ƙasarsu. Irinsu wai bigil ake ce musu, zomo suke farauta. Ya ce kada a doke shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai."

Inna ta ce, "Ba a dukansa, ba a barinsa shi kaɗai. To, ai kumandan Nasara ka kawo mana, ba kare ba."

Ni dai ina kallon abin. Bayansa baƙi, kansa ja kamar ƙasar tudu, ciki da ƙafafu farare, bakin wutsiya fari fat kamar an tsoma a nono. Kunnuwa kuwa ban taɓa ganin irinsu ba, sun zubo har suna shafar ƙasa. Ya fito daga akwatin, ya yi gudu, ya taka kunnensa ɗaya ya kifa. Ya tashi ya dube ni da idanun nan nasa irin na maraya a gidan biki. Haushin atamfar da ban samu ba ya tafi, ban san ta inda ya bi ba. Na sa masa suna Ɗankano.

Aka tambayi Malam Habu, limamin ɗan masallacin da ke bayan gidanmu, wanda shi ne kuma ladanin. Ya ce kiwon karen farauta da na gadin gona bai haramta ba, sai dai a ware masa abin cin abincinsa, in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, kuma kada ya shiga inda ake salla. Inna ta bi don Malam ne ya faɗa, amma ta ajiye abin a ranta don wata rana.

Wanda ya kawo kare yana gona daga safe har la'asar, saboda haka reno a kaina ya faɗo. Na fara shi da kunu da ɗan nono, daga baya tuwo da romo da ƙashi. Ranar farko da na zuba masa a kasko, kunnuwansa suka riga bakinsa shiga, ya fito kamar an yi masa lalle da kunu. Sai na samo masa tsohuwar tukunya mai ƙaramin baki, wadda hanci zai shiga kunne ya tsaya waje. Kowace yamma ina zaunar da shi ina tsince masa ƙarangiya da kaska, ina goge cikin kunnen da auduga da ɗigon mai, don kunnen da ba ya shan iska wari yake yi. Ci kuwa ba ya sanin ƙoshi. Ko yanzu ya gama, in ya ga kana tauna sai ya zauna gabanka ya karkata kai kamar tun jiya bai ga hatsi ba. Sai da na koma rataye komai a ragaya, na ɗora turmi a bakin ɗakin da nake matsar mai. Ya tauna igiyar guga, ya tauna bakin tabarma, ya tauna takalmin Inna na zuwa suna, ƙafa ɗaya kawai, wadda ta fi ɓacin rai da a ce duka biyun ne.

Gadi kuwa kada ma a yi zancensa. Kowa ya shigo gidan nan ɗan'uwansa ne. Mai tallar itace, makaho, bazawarin wata da ya ɓata hanya, duk sai ya tare su da kaɗa wutsiya. Da ɓarawo ya taɓa shigowa, na tabbata Ɗankano ne zai nuna masa inda rumbu yake. Abu ɗaya ne ke mulkinsa, hancinsa. In ya sa shi a ƙasa ya ji wani ƙanshi, to, kunnuwan nan duk girmansu sun toshe, ko kakaki ka busa ba ya ji. Ya haƙa ƙarƙashin darni ya fice ya fi a ƙirga, ni kuma in bi shi cikin gonakin gyaɗa, ba na hango komai sai farin bakin wutsiyarsa yana rawa a kan ganye. Sau ɗaya na tsula masa tsumagiya don haushi. Ya yini yana kallona daga bayan randa, washegari kuma ya sake yin abin da aka doke shi dominsa. Daga nan na gane tsawa da duka asara ce a kansa. Ƙuli-ƙuli ne maganinsa. In na ɓalli kaɗan na riƙe, zai zo, zai zauna, zai bar kaji su wuce. Inna ta ce ban ga komai ba, cin hanci nake koya masa tun yana yaro.

Da kaka ta yi, aka kai amfani gida, babanku ya sake shirin Kano. A bakin zaure ya juyo ya ce mini, "Ke, ga amanar Ɗankano nan. Ki yi haƙuri da shi, ki yi haƙuri da Inna." Ya haɗa su a numfashi ɗaya, ya tafi abinsa.

Bai daɗe da tafiya ba muryar karen ta buɗe. Karnukan garinmu haushi suke yi, gajere, su yi su gama. Wannan kuwa sai ya ɗaga baki sama ya ja wani dogon kuka mai zurfi, kamar daga cikin rijiya. In na bar shi na tafi ɗiban ruwa, ya yi. In kamyon gyaɗa ya busa ƙaho, ya yi. In ina waƙar niƙa, ya taya ni. Amma wanda ya fi so shi ne kiran salla, don Malam Habu tsoho ne mai jan murya. Da ya ɗaga, sai Ɗankano ya ruga tsakar gida ya zauna ya fuskanci inda muryar ke fitowa ya kama. Masallacin kuwa yana bayan ɗakin Inna ne. Ga duk mai kallo, kare ne zaune a ƙofar tsohuwa yana kuka.

Ku na yanzu kuna iya yin dariya. A wancan lokaci kowa ya tashi da jin cewa kare ba ya jan dogon kuka a banza, mutuwa ya hango. Ta-Sallah ce ta fara leƙowa ta kan darni, ta ce, "Ni dai ban ce komai ba, Inna, amma a garinmu haka wani ya yi ta yi a ƙofar kakata." Ba ta ƙarasa ba, ta ja bakin zane ta share idon da babu hawaye. Ita ma fa man gyaɗa take sayarwa, ku riƙe wannan.

Inna Gambo, matar da ke ɗaukar damin gero ba a ɗora mata, ta shiga ɗaki ta kwanta. Ta ce jikinta ya mutu. Ta aika a kira 'yan'uwanta su yafe juna. Ta ba wata jikar ƙanwarta munduwarta, ni kuma ta ba ni tukunyar daddawarta, wadda a da ko inuwarta ba ta bari in taka. Malam Habu ya zo har ƙofa ya ce mata ajali ba ya hannun kare, Allah kaɗai Ya san ranar kowa. Ta ce, "Na sani, Malam, amma me ya sa ba ya kallon ƙofar yarinyar nan?" In na kai mata tuwo, sai ta kau da kai ta ce in ajiye, mai tafiya ba ya bukatar guzurin duniya. In na dawo ɗaukar akushi, sai in tarar an sude shi tas.

Wata safiya ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa kamar ta mai wasiyya.

Ta ce, "Na yi magana da samarin unguwa. In rana ta yi sanyi za su zo su kai shi bayan gari."

Kowa ya san abin da ake yi wa kare a bayan gari. Da duwatsu ake yi.

Na ce, "Inna, amana ce ɗanki ya bar mini."

Ta ce, "Ni na haifi mai amanar. Ki zaɓa, ko ni ko shi."

Na ce, "Inna, ladan yake tayawa. Masallaci ne a bayan ɗakinki. Ki dawo ɗakina ki kwana, in ya juyo ya kalle ki, ni da kaina zan miƙa shi."

Ta ce, "Wato in bar ɗakina saboda kare."

A nan ya kamata in yi shiru, amma ba a halicce ni da wannan ba. Na ce, "Inna, ni ban taɓa ganin mai mutuwa tana sude akushi ba."

Ta tashi zaune zumbur, da ƙarfin da tun kwanciyarta ba ta nuna ba, ta nuna mini ƙofa. Ban jira ta faɗi abin da ba zai gyaru ba. Na ɗaure zannuwana, na ɗauko babban masakin da nake shanya gyaɗa, na shimfiɗa tsumma, na jefa ƙuli-ƙuli ciki. Ɗankano ya bi ƙuli-ƙuli, ni kuma na ɗora masaki a ka. Kuna iya tambaya me ya hana in ja shi da igiya. Wanda bai taɓa jan irin karen nan ba ne zai yi wannan tambaya. Kowane kututture sai ya shinshina, kowane rami sai ya leƙa, da sai damina ta riske mu a hanya. Na rufa masa mayafina saboda rana. Na bi ta bakin rijiya a daidai lokacin da mata suka cika, kunnuwa biyu suna reto ta bakin masaki, kaina a miƙe. Abin da aka gani ke nan. Kafin azahar labari ya zama goyo.

Dawce na nufa, gidan Kawu Ɗanbaushe, ƙanen mahaifiyata, maharbi. Na isa wuyana ya sage. Ya saurari labarin, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya kama karen ya juya shi, ya duba haƙora da tafin ƙafa. Sai na ga ya zaro wuƙa yana wasa ta a dutse.

Na ce, "Kawu, me za a yanka?"

Ya ce, "Kunnen mana, Dije. Ka'ida ce. Wa ya taɓa shiga daji da kare mai kunne kamar faifai? Ƙaya ta kama, dila ya kama. Dubi nawa, duk guntaye ne."

Na ce, "Kawu, na bar ɗakin aurena don kada a taɓa shi. In ka yanka, zan sake ɗaukar masakina, kuma ban san inda zan tsaya ba."

Ya dube ni, ya mai da wuƙa kube, ya ce, "Uwarki sak. Ita ma a kan kaza ta taɓa rufe wa mutum ƙofa."

Da ya fara fita da shi daji, ya dawo da zomaye a rataye, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce karnukansa da ido suke farauta, sai sun gani suke bi, in zomo ya shige sabara shi ke nan. Wannan kuwa sawu yake bi da hanci, yana tafe yana jan kukan nan, maharbi daga nesa ya san inda aka nufa ya je ya tare gaba. Ya ce, "Ashe kukan da ya kore ki daga Matameye sana'a ce." A Dawce ba wanda ya kwanta dominsa. In sun ji shi, sai mata su ce yau akwai romo a gidan Ɗanbaushe.

Na yi rani a can. Babanku ya aiko ta bakin wani mai dawowa daga Kano cewa in koma ɗakina, in ya zo ma yi magana. Na ce a gaya masa amanarsa tana lafiya, tana ƙiba. Labarin gida kuma yana iso mini kowace ranar kasuwa. Masu sayen maina duk sun koma wajen Ta-Sallah, an ce musu kare ne ke lasar kaskon tuyata. Wannan ƙaryar ta fi komai ƙona mini rai, don ban taɓa barinsa ya kusanci kayan sana'ata ba. Cinikin nan bai sake dawowa hannuna ba har abada, sai fura na koma damawa daga baya. Ana cikin haka matar Kawu ta lura ina ƙin warin miya, ina barci da hantsi. Ta tambaye ni, na sunkuyar da kai. Irin wannan labari ba ya jiran a aike shi.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi ina tsince wa Ɗankano ƙarangiya a gindin bedi, sai ga jaki ya tsaya a ƙofar gida, ga Inna Gambo a kai, ta yi ƙiba har wuya. Karen ya ƙwace ya ruga ya tare ta da murna, kamar ba ita ce ta yanke masa hukunci ba. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ban mutu ba."

Na ce, "Na gani, Inna. Allah Ya ƙara lafiya."

Ta ce, "Kada ki kuskura ki ce kin faɗa. Kuma uwar miji ba ta biko, ki sani. Kukar miya na zo saya, an ce ta Dawce ta fi yauƙi. Amma tunda jakin komawa zai yi, ga shi kuma an ce ba ke kaɗai ba ce yanzu."

Na ce, "Da Ɗankano?"

Ta daɗe tana kallonsa, yana shinshinar gefen zanenta. Ta ce, "Yarinya, na yarda ladan yake tayawa. Kaina ya yarda. Amma in ya sake zama a ƙofata ya ja kukan nan, zan sake kwanciya, na san halina. Tsoron da aka shayar da ni da nono ba zai fita da tsufa ba."

Ban taɓa jin Inna ta yi magana haka ba, kuma da faɗa ta zo da na fi samun abin cewa. Na dubi karen. Ya yi sumul, ƙirjinsa ya buɗe, kullum yana daji yana abin da aka halicce shi dominsa. A Matameye me zan ba shi, ban da igiya da darni da ni mai binsa ina ihu? Kawu yana gefe yana ta shafa gemu, ya ƙi haɗa ido da ni, don ya san abin da yake so. Na ce to. Na sa Kawu ya yi mini alkawari a gaban Inna: ba wuƙa, ba duka, ba ɗaurewa a bar shi shi kaɗai, a riƙa share masa kunne. Ya kuwa cika, Ɗankano ya tsufa a Dawce da kunnuwansa cikakku.

Da za mu tafi, Kawu ya rako mu bakin gari, karen yana biye. Na tsuguna na ɓalli ƙuli-ƙuli na miƙa masa, ina shafa kansa, ina gaya masa maganganun da ba zan rubuta muku ba. Ya karɓa ya haɗiye. Sai iska ta juyo daga wajen sabara. Na ga hancin ya motsa, ya sauka ƙasa, wutsiya ta miƙe. Ya ja kuka ya shige daji. Na kira shi. Na sake kira har muryata ta dushe. Na bar ɗakina dominsa, na rasa sana'ata, na ɗauki sunan da har yau ake jifanku da shi, amma ko waiwaye bai yi ba.

Na tsaya a hanya hawaye yana zuba. Inna kuwa ta yi ta dariya a kan jaki har ta kusa faɗowa. Da ta gama, ta sauko, ta kama hannuna ta ce in hau, ita za ta taka.

Ta ce, "Share idonki. Haka 'ya'ya suke. Gara da kika koya a kan kare kafin na cikin ya iso."

Kai babbansu, kai ne na cikin. Yau kana Yamai, ƙanwarka tana Kano, autana ma ban san sunan garin da yake ba sai an karanta mini a taswira. Kowannenku ya ji ƙanshin abin da ya ji, ya sa hanci a ƙasa ya bi. Ban yi fushi ba, ni na sake ku da hannuna kamar yadda na sake shi. Amma shi kare ne, yana da uzuri. Ku ku riƙa waiwayowa.